Matan Guangzhou da Ciwon Nono: Tarihin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Aika da Magani Gida

In kana zaune a Caina, ko kana yawan zuwa saro kaya, na san ka taɓa samun irin saƙon nan. Da daddare yake zuwa, na murya, bayan doguwar gaisuwa. Nawa daga ɗan gwaggona ya fito: "Yaya, don Allah in kin fita ki duba mana maganin daji na 'yan Caina. Hajiya ce ta ji wani ƙullutu a nono tun kafin azumi. Ba ta son asibiti, ta ce yankewa za su yi. An ce mana su suna da na gargajiya da ke narkar da shi."

Na saurari saƙon ya fi sau uku. Abin da yake nema ba shi da wuyar samu a Guangzhou. Kasuwar Qingping kaɗai cike take da saiwoyi da sassaƙe da busasshen naman kaza, in ka shiga da kuɗi ba za ka fito hannu rabbana ba. Amma na haura shekara 20 ina aikin jinya, da hannuna na sha wanke gyambon nonon da ya fashe, na san inda hanyar nan take ɓullewa. Na ce masa ba zan saya ba. Ya ji haushi, ni ma ban ji daɗi ba. Na dai yi masa alkawarin zan faɗi dalili.

Dalilin yana cikin tarihin garin nan da muke zaune. Yawancinmu Xiaobei da Sanyuanli muka sani, sai kwantena da ofishin kago. Ba mu san cewa kusan shekara 190 ke nan likitocin garin suna fama da irin tambayar da ɗan gwaggona ya kawo mini ba: yaya za a yi da macen da ciwo ya kama a wurin da ba ta iya nunawa, tana tsoron wuƙa, tana tsoron abin da miji zai ce, tana tsoron bakin mutane? Amsar da suka kai gare ta, bayan an yi asarar mata da yawa, ita ce a kula da jiki da hankali da imani gaba ɗaya, kada ɗaya ya kori ɗaya. Bari in ba ka labarin yadda suka kai nan.

Dutsen nono

Likitocin gargajiyar Sin sun daɗe da sanin ciwon nan. Sunan da suka ba shi, in an fassara, "dutsen nono" ne, saboda taurinsa. Wani likita mai suna Chen Ziming ya bayyana shi a littafinsa na cututtukan mata a shekarar 1237. Bayansa an yi Zhu Danxi, wanda ya rasu a 1358, ya yi bayanin da duk nas ɗin da ta ji za ta gane. Ƙullutu ne ƙarami, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya yi shekaru a haka, daga baya ya fashe ya yi rami. Kuma bai ɓoye ba: in ya kai nan, ya fi ƙarfin maganinsa. Ka ji fa, masu maganin gargajiyar da kansu ne suka faɗa, shekaru sama da 600 da suka wuce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin da ya bayar. A ganinsa ciwon yana kama macen da ba ta jin daɗin zama da mijinta ko surukanta, wadda ke haɗiye ɓacin rai dare da rana. Bari in tsaya a nan, kada a ce na ce. Binciken zamani bai tabbatar da cewa baƙin ciki ne ke haifar da sankarar mama ba. Abubuwan da aka san suna ƙara haɗari su ne yawan shekaru, gado a wasu dangi, ƙiba, shan giya da makamantansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabin masu ciwon ba su da wani dalili sai kasancewarsu mata da kuma shekaru. Don haka kada wata ta zauna tana zargin kanta, ko tana zargin kishiya da jifa.

Duk da haka tsohon ya ga wani abu. In yana duba mace, har zaman gidanta yake tambaya. Inda ya gaza shi ne labule. A gidajen manya likita namiji ba ya ganin jikin mace, daga bayan labule take miƙo hannu ya ji bugun jijiya. Kulle ne irin wanda kakanninmu suka sani. Wanda bai ga wurin ba, ina zai san ya girma ko bai girma ba?

Asibitin Layin Alade

Daga 1757 zuwa 1842, Guangzhou, wadda Turawa ke kira Kanton, ita kaɗai ce tashar da sarkin Sin ya yarje wa Turawa su yi ciniki ta teku. An killace su a wata 'yar unguwa a bakin kogi, ko matansu ba a yarda su shigo da su ba. A unguwar nan, a wani lungu da suke kira Layin Alade, wani Ba'amurke mai suna Peter Parker ya buɗe asibitin ido ranar 4 ga Nuwamba, 1835. Likita ne da ya yi karatu a Yale, kuma ɗan mishan ne. Bai ɓoye cewa yana son yaɗa addininsa ta hanyar magani ba. Mutanen garin suka karɓi maganin, kaɗan ne suka karɓi addinin. Daga baya babban attajirin garin, Howqua, ya bar masa ginin ba haya.

An ruwaito cewa ranar farko ba wanda ya zo. Rana ta biyu mutum ɗaya ya zo, kuma mace ce mai ciwon ido. Ba a daɗe ba wurin ya cika, har masu ƙari iri-iri suka fara zuwa, ciki har da mata masu ciwon nono. Ka tuna lokacin babu maganin sa barci. Sai a 1847 Parker ya fara amfani da wanda ake shaƙa. Kafin nan mace idonta biyu za ta kwanta, a rirriƙe ta, a yanka. Tsaftace wuƙa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ma sai bayan 1867 ya shigo aikin tiyata a duniya. Duk macen da ta yarda ta hau teburin nan, to abin da ke cinta ya fi wuƙar zafi.

Mun san kamannin wasunsu. Parker ya sa wani shahararren mai zane na garin, Lam Qua, ya zana majinyata kafin a yi musu aiki. Sama da 80 daga zane-zanen suna ɗakin karatun likitanci na Yale, wasu kuma suna asibitin Guy's a Landan. Ranar da na fara ganinsu a intanet, abu biyu ne ya tsaya mini a rai. Na farko girman ƙarin. Wani ya kai tulu, wani ya fashe. Irinsu na gani da idona a ɗakin mata a gida, ba a ƙarni na 19 ba, a zamanin wayar salula. Mace ta yi shekaru tana rufewa da mayafi har sai da wari ya tona.

Na biyu fuskokin. Mai zanen bai zana ciwo kaɗai ba. Ga mace an gyara mata kai, tana zaune da mutuncinta, tana kallonka. Mu a asibiti, in aiki ya yi yawa, sai ka ji ana cewa "gado na 6" ko "mai nonon nan". Na sha faɗa da bakina. Shi mai zanen bai manta cewa matar wani ce, uwar wani ce ba. Ɗan ɗan'uwansa ma, Kwan Ato, a hannun Parker ya koyi tiyata, ya zama cikin 'yan Sin na farko da suka iya aikin.

Sai da mata suka shigo

Wuƙa ta samu, maganin barci ya samu, amma labule na nan. Matan da suka zo wurin likita namiji, kuma baƙo, su ne waɗanda wuya ta kai wa maƙura. Sauran suna gida.

A 1855 John Kerr ya karɓi asibitin. Wuta ta cinye shi a yaƙin 1856, ya sake buɗe shi a 1859 da sunan Boji. Shi ne yau ake kira Asibitin Tunawa da Sun Yat-sen, a bakin kogi, domin jagoran juyin juya halin Sin ya yi karatun likita a can a 1886. Yanzu yana da babban sashen ciwon nono. Makarantar asibitin ta fara ɗaukar ɗalibai mata a 1879. Likita mace, Mary Niles, ta iso a 1882 ta riƙe ɓangaren mata. Mary Fulton ta biyo bayanta a 1884. Ita ce a 1899 ta buɗe makarantar likitanci ta mata zalla a unguwar Xiguan, wadda aka sa wa suna Hackett, da asibitin mata da yara, da makarantar koyon aikin jinya a farkon shekarun 1900. Asibitin na nan har yau, shi ne na uku a asibitocin Jami'ar Likitanci ta Guangzhou.

Abin da ya sauya a fili yake. Mace ta samu 'yar'uwarta mace, mai jin yarenta, wadda za ta iya shiga ɗakinta ta ce "buɗe in gani". Ba a ce wa matan Guangzhou kunyarsu jahilci ce ba. An nemo musu wadda za su iya buɗe wa.

Shi kuwa Kerr, a ƙarshen rayuwarsa ya juya ga masu taɓin hankali. A 1898 ya buɗe musu asibiti a Fangcun, tsallaken kogi, na farko irinsa a ƙasar Sin. Mutumin da ya yi shekara 40 yana tiyata ya gane cewa akwai ciwon da wuƙa ba ta kaiwa.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Da aka buɗe asibitocin En'e a Arewa zamanin Turawa, maza ne suka fi zuwa, matan aure suna kulle. Har gobe, in ka ce wa Hajiya ta je a duba ta, tambayar farko ita ce "mace ce ko namiji?" Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce mu nemo mata mace, kuma mu bar 'ya'yanmu mata su karanta likita da jinya.

Masu tafiya a lambu

A 1964 aka buɗe asibitin sankara na musamman a Guangzhou, wanda yau yake ƙarƙashin Jami'ar Sun Yat-sen, a titin Dongfeng, ba nisa da Xiaobei. Ya yi suna a kan dajin bayan hanci, wanda ya yi yawa a yankin nan har ake kiransa ƙarin Kanton. Tiyata da gashi da na'ura da allurar kemo duk suka samu. Daga 2009 gwamnatin Sin ta fara duba matan karkara kyauta don gano dajin mama da na bakin mahaifa da wuri. To amma in an sallami mace, nono ɗaya, kai ba gashi, ta koma gida, sai me? A wancan zamanin a Sin, kamar a wurinmu, ko sunan ciwon ba a son kamawa.

Amsar ba daga likitoci ta fito ba. Akwai wata mai zane, Guo Lin, haifaffiyar Zhongshan a nan lardin Guangdong a 1909. Dajin mahaifa ya kama ta a 1949, aka yi mata aiki ba sau ɗaya ba. Tsakanin ayyukan ta tsara wani motsa jiki daga tsohuwar al'adarsu ta numfashi da ake kira cigung: a yi tafiya a hankali, ana lilo da hannuwa, a ja numfashi biyu a fitar da ɗaya. A farkon shekarun 1970 ta fara koyar da shi a lambunan Beijing, masu ciwon daji suka yi ta taruwa. Ta rasu a 1984. A 1989 masu ciwon suka kafa ƙungiyarsu a Shanghai, irinta ta bazu a manyan birane.

In ka yi sammako ka shiga lambun Yuexiu, za ka ga dattawa rukuni-rukuni, wasu na rawa, wasu na rera waƙa. Na taɓa tsayawa kusa da masu irin tafiyar nan. Abin da na lura da shi ya fi tafiyar: in sun gama sai su zauna, a buɗe fulas, sabuwar zuwa tana tambaya, wadda ta yi shekara 10 da aiki tana ba ta amsa. Wacce rigar mama za ta sa, yaya za ta yi da amai, me za ta ce wa 'yarta. Wannan ilimin babu shi a katin asibiti.

A Hong Kong, tafiyar ƙasa da awa biyu a jirgin ƙasa daga nan, Farfesa Cecilia Chan ta Jami'ar Hong Kong ta tsara wannan tunani ya zama hanyar aiki, ta kira shi kula da jiki da hankali da ruhi. Ana haɗa motsa jiki da numfashi, da zama a yi magana kan tsoro da fushi, da tambayar da kowane majinyaci ke yi a zuci: me ya sa ni, kuma me ya rage mini? A Ingila ma Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta kafa gidan jinyar St Christopher's a 1967 a kan fahimtar cewa zafin majinyaci ya haɗa na jiki da na zuciya da na iyali da na imani.

Shin wannan yana warkar da daji? An gwada. A 1989 David Spiegel na Stanford ya ba da rahoton mata 86 da ciwon ya bazu a jikinsu. Waɗanda ke zuwa zaman tattaunawa duk mako sun rayu kusan ninki biyu na sauran. Duniya ta ɗauka. Sai aka sake gwadawa a Kanada da mata 235, sakamakon ya fito a 2001: tsawon rai bai bambanta ba, amma damuwa ta ragu, zafin ciwo ya ragu. Wannan ita ce gaskiyar. Zama da 'yan'uwa ba ya narkar da ƙari. Yana sa mace ta yi barci, ta ci abinci, ta koma a yi mata allura ta huɗu bayan ta uku ta galabaitar da ita. Mu da muka yi aikin mun san yawan matan da ke guduwa a tsakiyar magani. Kuma kada ka manta, ita kanta Guo Lin sai da ta hau teburin tiyata.

Inda aka yi asara

Kusan duk ɗan Sin ya san Chen Xiaoxu, jarumar wani wasan talabijin da ya yi fice a 1987. Ta yi arziki a harkar talla, ta riƙe addininta na Buddha da gaske. Da aka gano tana da dajin mama ba ta yarda da tiyata da kemo ba. Ta aske kai ta shiga zaman ibada a farkon 2007. Ta rasu a Shenzhen, maƙwabciyar Guangzhou, ranar 13 ga Mayu na shekarar, tana da shekara 41. Ban kawo ta don in yi mata hukunci ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Na kawo ta ne don ka san a ƙasar maganin gargajiyar ma an yi wannan kukan, an kuma yi muhawara a kai a jaridu.

A 2018 masu bincike a Yale suka duba bayanan majinyatan Amurka da ciwonsu bai bazu ba, waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai suka bar na asibiti. A masu dajin mama, haɗarin mutuwa ya haura ninki 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano da ciwon, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5, a Afirka ta Kudu kashi 40 ne. Ciwon ɗaya ne. Bambancin yana ga lokacin zuwa da kuma kammala magani.

A nan ne maganar "daji ba ya son ƙarfe" take cutar da mu. Mace ta yi shekara biyu tana shafe-shafe da hayaƙi, ta zo ciwo ya riga ya shiga huhu da ƙashi, a taɓa ta, ta rasu bayan wata uku. Sai a ce wuƙar ce. Maƙwabciyarta ta ji, ta ƙara ɓoye nata.

Ba raina saiwa nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba yaranmu, irin su Coartem, daga ganyen Caina ya fito, dangin tazargade. Wani masani, Ge Hong, wanda ya ƙare rayuwarsa a dutsen Luofu gabas da Guangzhou a ƙarni na 4, shi ya rubuta amfaninsa. Amma sai da Tu Youyou da abokan aikinta suka tace shi a ɗakin gwaji, likitoci irin su Li Guoqiao na nan Guangzhou suka gwada shi a kan majinyata, aka san yawan da za a sha, sannan ya zama magani. A kan haka ta samu kyautar Nobel a 2015. Ganyen da ya ci jarrabawa yana kemis. Wanda ake ƙulla maka a leda a kasuwa bai zauna jarrabawar ba, kuma wani yana wahalar da hanta daidai lokacin da take fama da kemo. A manyan asibitocin nan ana ba da na gargajiya, amma a gefen tiyata da kemo, don rage laulayi, da sanin likita.

To mu fa?

Mu da ke waje, mu ake kira in abu ya faru, don ana ganin muna da kuɗi da ido. Don haka nauyin yana kanmu.

Ta fannin jiki, in an ce an ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa ta fito a hammata, kuɗin farko na gwaji ne. A yi hoto, a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin bincike. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma ba a ganewa da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a gama binciken cikin kwana 60. Ana tiyata da kemo a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, akwai sashen gashi a Shika da Sakkwato da Abuja. In kuwa kun yanke shawarar kawo ta Caina, ku zo da sakamakon gwajin, ku tambayi matakin da ciwon yake, da sunan maganin, da jimillar kuɗi, da wanda zai ci gaba da duba ta in ta koma. Maganin watanni yake ɗauka, bizar kuwa gajera ce. Ku nemi tafinta mace. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa ba tiyata ba kemo, ku riƙe aljihunku.

Ku koyi wani abu wurin mutanen Guangdong: miya. Da yamma za ka ga dangi a ƙofar asibiti da fulas ɗin romon da ya yi awanni a wuta. Mai kemo tana bukatar ƙwai, kifi, wake, nama, nono, kunun gyaɗa. Su ma suna da camfin hana majinyaci kaza da wasu abinci, kamar yadda muke da namu. Kada a bar ta da koko kaɗai. Bayan aiki kuma a taimaka mata da motsa hannun kamar yadda aka koya mata, a lura da kumburi.

Ta fannin hankali, mu da 'yan Sin halinmu ɗaya wajen ɓoye wa majinyaci. A ja likita gefe a ce "kada a faɗa mata". Na fahimci tausayin. Amma a aikina, da wuya na ga wadda ba ta sani ba. Ta sani, ta kuma san kuna ɓoyewa, sai ta zauna ita kaɗai da tsoronta tana yi muku murmushi. Ku tambaye ta abin da take son sani, ku faɗa mata daidai gwargwado. Maigida, kai ne rabin maganin. Abin da ke hana ta barci ba mutuwa kaɗai ba ce, har da yadda za ka kalle ta in an cire bandeji. Ka raka ta asibiti ko sau ɗaya, ka zauna. In kana da niyyar ƙarin aure, ka ji tsoron Allah ka duba lokaci.

Ba ma bukatar lambu irin na Yuexiu. Muna da Islamiyya, muna da adashi, muna da zumuntar biki da suna. Abin da ya rage shi ne waɗanda suka sha da ƙyar su yarda a san su. A Ibadan, Betty Anyanwu-Akeredolu ta yi haka, ta kafa ƙungiyar BRECAN a 1997 bayan nata ciwon. Mace ɗaya da ta warke ta fi lacca goma.

Ta fannin imani kuwa mun fi kowa gata, in ba mu juya shi ba. Ranar Juma'a, a masallacin da Musulmin Sin ke danganta ƙabarin da ke cikinsa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, za ka ga Bahaushe da Balarabe da ɗan Sin a sahu ɗaya, kowa da mara lafiyar da yake roƙa wa. Addu'a, karatun Alƙur'ani, sadaka, duk su yi yawa. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma tun a Madina akwai tantin Rufaida inda ake jinyar masu rauni. Ku nemo mata malama da za ta warware mata abin da ke damunta: yadda za ta yi tsarki da rauni a ƙirji, sallah a zaune, rangwamen azumi. Kada kowa ya ce mata zuwa asibiti raunin imani ne, ko ciwon sakayyar wani zunubi ne.

Hajiya fa? Sati uku muna fama. Ba ni na shawo kanta ba, ba kuma ɗanta ba. Wata ƙawarta ce ta Islamiyya, da aka yi wa aikin shekara 7 da suka wuce ba wanda ya sani a ajin. Ta zo ta ce kowa ya fita, ta tura ƙofa, ta ɗaga riga ta nuna mata tabon. Washegari Hajiya ta ce a kai ta, amma mace za ta duba ta. An samu ciwon a mataki na 3. Watannin nan da aka ɓata ba su tafi a banza ba, sun tafi da wani abu. An fara da kemo, aka yi aiki, aka yi gashi, yanzu tana shan ƙwaya kullum. Gobe tana hannun Allah.

Daga ƙarshe na aika mata da kaya daga Guangzhou: nonon roba da rigunan mama masu aljihu guda uku, da fulas ɗin miya. Kuɗin da za a sayi saiwa ya tafi a gwaji. Ɗan gwaggona har yanzu in ya kira sai ya ce "Yaya mai ƙin aike". Na karɓi sunan.

In irin saƙon nan ya zo maka yau da daddare, kada ka yi faɗa, kada kuma ka nufi kasuwa. Ka kira ita mai ciwon da kanta, ka tambaye ta me take tsoro. Daga nan ake farawa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.